Baffa Hurshit da Matattu Masu Takalma

Baffana Hurshit da kayan matattu yake ci, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Takalmin ƙafarsa na gawa ne, wuƙar da yake yanka burodi da ita ta gawa ce, cokalinsa ma yana ɗauke da harufan wani Bature da ba wanda ya san sunansa. In ya tsinci ƙoƙon kai a gona, abin da yake fara yi shi ne ya buɗe muƙamuƙin ya duba ko akwai haƙorin gwal. In akwai, sai ya sa filaya ya cire, ya jefa a aljihu a gaban kowa. Mata sukan ja 'ya'yansu gefe in ya biyo hanya. A gidan gahawa Kura ake ce masa, kuma yana amsawa.

An taɓa tambayarsa ko ba ya tsoron Allah. Ya ce yana tsoro, amma mamaci ba ya tauna, shi kuwa akwai bakuna uku a gida da ke jiran burodi. Ɗaya daga cikin bakunan nan nawa ne. Da wannan sana'a na ci, da ita aka saya mini rigar makaranta, saboda haka ba zan zauna yanzu da furfurata in yi masa wa'azi ba.

Ƙauyenmu Kumbayir yana kan tuddan Gelibolu, tsakanin mashigin ruwa da babban teku. A watan Afrilun 1915 jiragen yaƙin Ingila da Faransa suka cika ruwan, hukuma ta kwashe mata da yara da tsofaffi ta tsallakar da su ɗaya gaɓar. Mahaifiyata Hayriye tana da ƙaramin cikina a lokacin. Mahaifina Nazif da ƙanensa Hurshit an riga an ɗauke su soja. Aka zuba su a runduna ɗaya, cikin ramukan yaƙi da aka haƙa a kan tudun da suka yi kiwon awaki suna yara. Baffa ya ce in ya leƙa ta tsakanin buhunan ƙasa yana hango ɓauren gonar ubansu.

Ba ya yawan ba da labarin ramin, in kuma ya bayar ba ya sa masa gishiri. Ya ce ramin abokan gaba yana kusa har suna jin tarinsu. Tsakanin ramukan biyu gawawwaki ne a kwance, nasu da namu, suna kumbura a rana. Ƙudaje sun yi yawan da in mutum ya kai loma baki sai ya haɗa da su. Atini ya kama kowa. Amma abin da ya fi damunsu ƙafa ce. Yawancin namu fatar shanu suke ɗaurawa da igiya, ita kuwa ba ta jimre duwatsun nan. In ta yage sai a naɗe ƙafa da tsumman buhu. Mahaifina ya taka waya mai ƙaya, ƙafarsa ta kumbura tana ruwa, kuma ba a sallamar soja saboda ƙafa.

Da wari ya fi ƙarfin kowa, sai ɓangarorin biyu suka ɗaga farin ƙyalle, suka yarda a tsaya yini guda a binne matattu. Baffa yana cikin masu jan gawa. Da rana tsaka, hafsoshi suna tsaye suna ba juna taba, ya durƙusa kan wani dogon Bature mai jan gashi, daga cikin mutanen Ostireliya, ya kwance masa takalma. Ya sake samun wani ya kwance. Takalma ne na fata mai kauri, ƙasansu cike da ƙusoshi. Ya cusa su cikin riga ya koma rami. Mahaifina ya fara ƙi, ya ce haramun ne. Kwana bai yi nisa ba ya sa, ya cike gaban da tsumma saboda sun yi masa yawa.

A watan Agusta Turawa suka haƙo ta ƙarƙashin ƙasa suka dasa albarushi a gindin ramin. An aiki Baffa ɗibar ruwa, ya bar mahaifina a ramin. Da ya dawo da tulunan bai tarar da rami ba, sai tudun sabuwar ƙasa yana hayaƙi.

Daga nan aka tura shi Falasɗinu, aka kama shi, ya yi zaman fursunan yaƙi a bayan waya a Masar. Bai dawo gida ba sai 1920, ina da shekara huɗu. Ya dawo kunnensa na hagu a toshe, da takalman nan a ƙafarsa.

Mutanen ƙauye sun riga shi dawowa da shekaru. Sun tarar da gonakinsu ba sa fitar da komai sai ƙarfe da ƙashi. Turawa sun zo da ma'aikatansu sun tattara nasu da suka iya ganewa, suka gina musu maƙabartu na farin dutse. Namu ba wanda ya ƙirga su. Duk ruwan sama sai ya tono wasu, duk garma sai ta juyo wasu. Manomi ba zai tsaya kan kowane ƙashi yana tambayar addininsa ba, kuma ba zai kai wanda ya zo kashe shi maƙabartar Musulmi ba. Sai Liman Rustem da dagaci suka zauna suka yanke ƙa'ida. Ba mugaye ba ne, hanyar da za a yi noma suke nema. Suka ce a dubi ƙafa. Wanda aka samu ba takalmi namu ne, a sa shi a likkafani, a yi masa salla, a kai shi maƙabarta. Wanda aka samu da takalmi mai ƙusoshi baƙo ne, a zuba shi a kwando a juye a kwazazzabon da ke bayan injin niƙa. Har wurin ya sami suna, Kwarin Masu Takalma.

Baffa ya ji wannan ƙa'ida a gidan gahawa, a makon da ya dawo. Mahaifiyata ta ce har ƙofar gida ana jin muryarsa, domin kurma ba ya sanin ƙarfin maganarsa. Ya ɗora ƙafa kan tebur a gaban liman.

"Liman, dubi nan. In na faɗi yau, kwari za ku kai ni ke nan?"

Behchet maƙwabcinmu, wanda gonarsa ke jikin tamu, ya ce, "Kai ai ko ba takalmi can ya dace da kai."

Aka yi dariya. Baffa bai yi ba. Ya gaya musu cewa kafin ƙarshen zafin shekarar nan, rabin mutanen raminsu takalman Turawa ne a ƙafarsu, kuma Nazif da su ya mutu, shi da hannunsa ya ba shi. Ya ce sun kwashe shekaru suna zubar da 'ya'yansu a kwari kamar shara.

 Liman ya yi magana a hankali, ya ce shahidi Allah ya san inda yake ko da a cikin kifi ne, kuma abin da aka riga aka juye ba ya rabuwa. Amma Behchet ya miƙe tsaye. 'Ya'yansa biyu ne suka tafi a tudun nan. Ya ce nasa ba ɓarayi ba ne, ba su tuɓe gawa ba, in wani ya yi to kada ya shafa wa 'ya'yan mutane. Sauran suka goya masa baya. Kowane uba a wurin ya fi son ɗansa ya mutu ƙafa tsirara da mutuncinsa. Ƙa'ida ta ci gaba yadda take.

A gida abin ya fi muni. Kakata Iya Sabriye ta saurare shi har ya gama, sannan ta mare shi a kunnen da ke ji.

"Nazif ɗina ba ya taɓa kayan mutane. Kai ne mai ɗan hali tun kana goye. Tare kuka tafi, ka dawo mini kai kaɗai. Je ka kawo mini shi."

Wannan magana ita ce aikinsa har ya mutu. Bai san ko wansa yana nan a ƙarƙashin tudun da ya fashe ba, ko kuwa ruwa ya tono shi tun yana Masar an kai shi kwari. Saboda haka ya nema a duka biyun.

Amma nema ba ya cika tukunya. Wani ɗan kasuwa yakan zo da kwale-kwale daga garin Chanakkale da ke ɗaya gaɓar yana sayen ƙarfe a ma'auni, sai ƙauyen duka ya koma tsintar ƙarfe. Abin da ya fi tsada shi ne zoben tagulla da ke ɗamare da harsashin igwa. Da yawan harsasan ba su fashe ba, suna kwance a ƙasa kamar jarirai. Baffa ya fi kowa iya cire zoben. Da sanyin safiya yake yi, kafin rana ta gasa ƙarfen. Yakan hau harsashin kamar jaki, ya juya hancinsa baya, ya sa kurfin yankan ƙarfe yana bugawa sannu sannu. Albarushin ciki kuma ya sayar wa masunta. Duk da iyawarsa, wani ƙaramin harsashi ya tafi da yatsunsa uku na hagu. Wasu sun biya fiye da haka. Ramiz mai gyaran garma a kwando aka kawo shi gida. Mutane na tsaye suna salati, Baffa ya ce a dubi ƙafarsa tukuna kafin a san inda za a kai shi. Daga ranar dangin Ramiz ba su ƙara gaishe shi ba.

In ya gama da ƙarfe sai ya gangara kwari. Yana da alama ɗaya. Mahaifina ya taɓa faɗowa daga kan alfadari yana yaro, damtsensa na hagu ya karye, aka ɗora shi a karkace. Baffa yakan ɗauki ƙashin damtse, ya bi shi da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya ajiye a gefe, ya ɗauki wani. Sau ɗaya na leƙa daga bakin kwarin. Ƙasusuwa ne fari fat har tsayin ƙugu, da takalma baƙaƙe a warwatse, wasu da ƙasusuwan yatsu a ciki, shi kuma yana tsakiya a tsugune kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Ban ƙara leƙawa ba.

Tun da yana wurin, haƙoran ma ba ya barin su. Wannan ne ya kashe maganarsa. Duk lokacin da ya ce a daina juye masu takalma, sai a ce ai Kura so yake a riƙa kai masa su har gida. Ni na san wansa yake nema. Na kuma san yana cire haƙoran. Duka biyun gaskiya ne, kuma bai taɓa ƙoƙarin wanke ɗaya da ɗaya ba.

A 1931 na zo hutu daga makarantar kwana ta Chanakkale, na tarar Iya ta kwanta. Ba ta cin komai sai ruwan miya. Kullum in ya shigo sai ta dubi hannunsa, ta ga ba komai, ta rufe ido. Ana cikin haka garmar Behchet ta juyo mutum cikakke kusa da tudun da ya fashe. Ƙafarsa ba takalmi, maɓallan rigarsa na sojanmu ne. Matan unguwa suka haɗa baki, liman ya yarda, mahaifiyata ba ta ce a'a ba. Aka naɗe shi a farin ƙyalle aka shigo da shi ɗakin Iya, aka ce Allah ya bayyana Nazif.

Na ga tsohuwar nan da ba ta iya ɗaga kai ta tashi zaune. Ta rungume ƙullin a ƙirjinta tana shafawa, tana kiransa da sunan da take kiransa yana jariri. Mata suna kuka a bakin ƙofa. Ni ma na kusa yarda, ko da yake ban taɓa ganin mutumin ba.

Sai Baffa ya shigo daga tudu da ƙura a jikinsa. Ya ce a ba shi ya gani. Liman ya tare shi a ƙofa ya yi ƙasa da murya, ya manta cewa da kurma yake magana, dole ya maimaita da ƙarfi har kowa ya ji.

"Hurshit, tsohuwa ce. Kwana nawa ya rage mata? Bar ta ta tafi da sanyin zuciya."

Baffa ya ratsa shi ya wuce. Ya durƙusa gaban uwarsa, ya kwance bakin ƙyallen, ya zaro ƙashin damtse, ya bi shi da yatsa. Ya sake bi. Sannan ya mayar ya ɗaure.

"Iya, wannan ɗan wata ne. Ba naki ba ne."

Mahaifiyata ta ce masa ya ji tsoron Allah ya yi shiru. Ya ce in ya ce shi ne, gobe ba wanda zai ƙara barinsa ya buɗe baki a kan kwari, shi ke nan an rufe maganar Nazif da ƙashin wani. Iya ba ta saki ƙullin ba. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce kada Allah ya ba shi mai zuba masa ƙasa. Ta juya fuska bango.

An yi jana'izar duk da haka. Shi ya haƙa kabarin da yatsunsa bakwai, domin ba wanda ya fi shi iya haƙa, ya kuma tsaya a sahu. Ya ce ko ba komai ɗan wani ne. Har yau dutsen kabarin yana ɗauke da sunan mahaifina. Iya ta rasu kafin a gama sussukar alkama, ba ta ƙara ce masa uffan ba, ba ta kuma janye bakinta ba. Ban san ko ta mutu tana ganin ɗanta ta binne ba. Ina jin ta san ba shi ba ne, domin ba ta nemi a kai ta ta ga kabarin ba.

Mutane sun tambaye ni sau da yawa ko ya yi daidai. Gaskiya ya faɗa, kuma rashin imani ya yi. Ban ga dalilin da zai sa in zaɓi ɗaya ba.

Bayan mutuwar Iya ya daina roƙon kowa. Ya koma tsayawa a hanyar injin niƙa. Duk wanda ya gani da kwando zai nufi kwari sai ya karɓe. Mutane suna ba shi da murna, ya rage musu tafiya. Yakan duba damtsen, ya duba baki, sannan ya kai su saman gonarmu ƙarƙashin ɓaure, ya haƙa, ya jera ƙasusuwan yadda ya iya, ya juya ƙoƙon kan ya dubi alƙibla. Liman ya hau har can da sandarsa ya ce bai halatta a fuskantar da wanda ba Musulmi ba alƙibla. Baffa ya ce shi ba salla yake musu ba, bai ma iya ta sosai ba, rami kawai yake haƙawa. Ya ce in Kirista ne, kallon kudu, inda alƙiblarmu take, ba zai ƙara masa ciwo ba, in kuma ɗan Behchet ne, to an yi masa abin da ubansa ya ƙi yi. Maganar ta kai kunnen Behchet. Ya zo da cokalin tara ciyawa, sai da mutane suka riƙe shi.

Gonar ta riƙa raguwa kowace shekara, kaburbura suna cin ta daga sama. Ba wanda ya ba shi 'ya. Ya nemi wata bazawara daga ƙauyen gaba, ta aiko cewa ba za ta ci burodi daga hannun da ke shiga bakin gawa ba. Ya ce tana da gaskiya. Mahaifiyata ta sake aure a garin Maydos. Ni na gama makaranta na kama aiki a gidan waya na Chanakkale, na yi aure a can, sai da salla nake tsallakowa. Ya rage shi kaɗai da shanun noma biyu da jaki.

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi, aka sake kawo sojoji tuddanmu suna haƙa ramuka don ko-ta-kwana. Yara ne daga can cikin ƙasa, ba su san wurin ba. Duk inda suka sa diga sai su faɗa tsohon rami. Baffa ya riƙa bin su da buhu, yana ba su ɓaure suna ba shi abin da suka tono. Yaƙin bai zo mana ba, ƙarfe dai ya yi tsada.

Daga baya baƙi suka fara zuwa ziyarar fararen maƙabartun, tsofaffin maza da sanduna, da mata masu huluna. Yakan shimfiɗa tsumma a bakin hanya ya baza maɓallai da harsasai da cokula. Wata tsohuwa daga Ostireliya ta zo neman wanta da ba a taɓa samu ba. Ta ɗauki maɓalli ɗaya tana kuka. Ya karɓi kuɗinta. Ya gaya mini daga baya cewa ya dubi ƙafarta ya ga doguwa ce irin ta Baturen da ya kwance wa takalma, shi ya sa ya rage mata.

Abin da ya karya shi ba mutane ba ne. Tarakta ce. Nejdet, jikan Behchet, shi ya fara kawo ta ƙauyen bayan 1950, sauran suka riƙa ɗaukar hayarta. Garmar shanu tana tafiya a hankali, in ta daki abu manomi yana ji a hannunsa, ya tsaya. Tarakta tana shiga ƙasa da zurfi, tana farfasa abin da ta tarar, mai tuƙi yana sama cikin ƙara bai san ma an yi ba. Fatar takalman kuma ta riga ta ruɓe, sai ƙusoshi masu tsatsa a warwatse. Ƙa'idar Liman Rustem ta mutu da kanta, kamar yadda shi ma ya mutu. Ba mai kai kowa maƙabarta, ba mai kai kowa kwari. Gutsattsarin ƙashi ake tarawa tare da duwatsu a gefen gona. Baffa ya ce da wannan gara kwari, can dai mutum yana zuwa da damtsensa. Ya riƙa bin bayan tarakta da buhu yana tsinta, yara suna yi masa waƙa. Nejdet ba mugun yaro ba ne, wani lokaci yakan rage gudu saboda shi.

Wani hunturu aka yi ruwan da ba a taɓa gani ba. Ambaliya ta bi ta bayan injin niƙa ta share kwarin har teku. Da ruwa ya janye ya je ya tsaya a baki. Dutse ne wankakke, ko ƙusa babu. Bai gama duba ko rabin abin da ke ciki ba. Maƙwabta sun ce ya dawo gida ya ɗora miya, ya ci, ya ba jaki ruwa. Bai yi maganar da kowa ba, ni ma da na zo bai yi mini ba.

Abin da ya rage masa shi ne gangaren tudun da ya fashe, wanda yake jikin gonarmu ta sama. Shekara da shekaru yana tona shi kaɗan kaɗan, ya fitar da mutane da yawa, ba mai karkataccen damtse. Bai taɓa barin tarakta ta hau wurin ba. Da shanu yake noma shi, sama sama. Amma ƙirjinsa ya fara cika da ruwa, gwiwoyinsa suka ƙi. A kakar 1962 aka aiko mini cewa ya faɗi a bayan garma, shanu suka ja shi har ƙarshen kunya.

Na tsallako na same shi a kwance a ɗakin da Iya ta mutu. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Ya san gonar ni za ta faɗo wa, ba shi da wani magaji. Ya tambaye ni abin da zan yi da ita. Ban yi masa ƙarya ba, shi ba mutumin da ake yi wa ƙarya ba ne. Na ce mijina ba manomi ba ne, ina da 'ya'ya a makaranta, Nejdet zan ba ya noma mu raba. Na ce wurin kaburbura ba za a taɓa ba, amma gangaren ba zan bar shi ciyawa ba saboda mutumin da ban taɓa gani ba, wanda watakila ma yana cikin teku.

Ya ce, "Mediha, ke jinin Iya ce, ba ki da daɗin baki."

Na ce a wurinsa na koya.

Yana numfashi da ƙyar. Na zaci zai yi faɗa, ko ya ce a sayar da shanun a ɗauki mai noma da hannu. Bai yi ba. Ya ce in kira masa Nejdet. Yaron ya zo da man inji a hannunsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula, ya ce sannu Baffa. Baffa ya ce ya matso ta ɓangaren kunnen da ke ji.

"Ban ce kada ku noma ba. Ƙasar nan ta ci mutane, sai ta biya da alkama. Amma in ka hau gangaren, ka tafi a hankali, kamar kana bin bayan sa. In ka ji garma ta daki wani abu, kashe injin ka sauko, ka tona da hannu. In ka ga ƙusoshi a wajen ƙafa, kada ka ce komai a kansa, ba ka san shi ba. Ka nemi damtsen hagu ka bi shi da yatsa. In a karkace yake, aika wa Mediha ta tsallako, ubanta ne. In a miƙe yake, kai shi ƙarƙashin ɓaure, ka juya fuskarsa alƙibla, ka rufe. Ba zai ci maka rabin yini ba."